Yadda za ki duba man shafawa da kayan kwalliya kafin ki biya kuɗi, da maganar zomon nan na jikin kwalba

Salam 'yan uwa mata. Har da ku maza da ake ba ku lis a takarda a ce ku shiga Sabon Gari ku haɗo kayan shafa na lefe, ku ma ku tsaya ku karanta dan kuɗinku ne ke tafiya.

In kin ɗauki kwalbar loshan ko shamfu, musamman irin na waje ɗin nan, wani lokacin za ki ga ɗan hoton zomo a gefe ko ta baya. In kin tambayi mai shago sai ya ce ai alamar orijinal ce hajiya, wani ma cewa zai yi nufinsu jikinki zai yi laushi. Duk ba haka bane. Abin da zomon ke nufi kawai shi ne kamfanin yana cewa bai gwada kayan nan a jikin dabba ba, shikenan, bai ce miki komai a kan fatarki ba. Da shi zan fara dan sai an gane shi sauran maganar za ta zauna.

Me ya haɗa zomo da man shafawa

A Amurka wajen 1933 an yi wani abin rina gira da gashin ido mai suna Lash Lure, mata suka yi ta zuwa salun ana shafa musu, wasu idonsu ya yi gyambo, wasu suka makance gaba ɗaya, har rai an rasa. A lokacin gwamnatinsu ba ta da dokar da za ta kama mai kayan kwalliya da ita, wannan na cikin abubuwan da suka sa aka yi sabuwar doka a 1938 da ta haɗa abinci da magani da kayan kwalliya. Ki riƙe sunan sinadarin da ya yi wannan ɓarnar, PPD ake ce masa, zai dawo mana in mun zo kan baƙin lalle.

A 1944 wani ma'aikacin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, John Draize, ya fito da gwajin da har yau da sunansa ake kiransa. Za a kama zomo a saka shi a akwatin da kansa ne kawai a waje yadda ba zai iya sosawa ba, a ɗiga masa sinadarin a ido ɗaya a bar ɗayan dan a kwatanta, a yi kwanaki ana dubawa ana rubuta ko ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya fara ruwa, ko ya mutu. An zaɓi zomo ne saboda idonsa babba ne, ba shi da faɗa, ga arha. Na fata kuma aske masa baya ake yi a shafa a rufe. Su ɓera da ɓeran Masar kuwa akwai gwajin da ake ɗura musu abu ana ƙara yawa har sai rabinsu sun mutu dan a san ƙarfin gubar, wannan tun 1927 ake yinsa. In an gama kuma yawanci kashe su ake yi.

Mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, ba sai bature ya zo ya koya mana tausayin dabba ba. Ni a ganina gwada maganin da zai ceci rai maganarsa daban, amma a makantar da zomo saboda sabon kalar jan baki, wannan kam babu yadda za a yi na ga dacewarsa.

Mutane sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru har dokoki suka fara canzawa. Ingila ta daina a 1998. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan da aka gama haɗawa a 2004, ta hana gwada sinadaran cikinsu a 2009, sannan a watan Maris na 2013 ta ce ko a wata ƙasa aka yi gwajin dan kayan kwalliya ba za a sayar a kasuwarta ba. Indiya ta bi a 2014, Kanada a 2023. Amurka har yanzu ba dokar ƙasa gaba ɗaya, sai jihohi irin su Kalifoniya. Chaina kuwa ita da can dole take sa a gwada kayan da aka shigo mata da su a jikin dabba, sai a 2021 ta sassauta a kan kayan yau da kullum irin su shamfu da jan baki bisa wasu sharuɗɗa.

Abin lura a nan, da suka ajiye zomo ba wai sun daina gwaji ba ne. Yanzu ana raya fatar mutum a ɗakin bincike daga ƙwayoyin halittar fata a ɗiga sinadari a kai a ga me zai faru, ana karɓo idon shanu da na kaji da aka riga aka yanka a kwata a yi gwajin ido da su, ana sa kwamfuta ta kwatanta sabon sinadari da waɗanda aka riga aka san halinsu. A Turai kowane kaya sai ƙwararre ya rubuta masa rahoton lafiya kafin ya shiga kasuwa, kuma dole a samu wani mai suna da adireshi da za a kama in ya cutar da wani, ga sinadarai sama da 1,300 da aka haramta sakawa kwata-kwata.

Toh yanzu ki dawo gida ki kalli robar haɗin nan da ake kawo mana har ɗaki, ko wadda ake jerawa a faranti ranar Juma'a a kasuwar Wudil ko ranar Alhamis a Maigatari, fara sol ba suna ba rubutu, ko an manna mata ɗan sitika mai lambar waya kawai. Ita ma gaskiya ne ba a gwada ta a jikin zomo ba. Ba a gwada ta a fatar ɗakin bincike ba, ba ƙwararren da ya leƙa ta, mai haɗin ma da ludayi da ido take aunawa. A wannan robar ke ce zomon, kuma ke kika biya kuɗin gwajin.

In dai maganar dabbobin ta dame ki kina son ki sayi wanda da gaske ba a gwada ba, alamar da ta fi ƙarfi ita ce ta zomo yana tsalle da ɗan taurari, sunan shirin Leaping Bunny, tun 1996 ake yinsa kuma suna bin kamfani har wajen masu kawo masa sinadarai, suna da jerin sunayen kamfanoninsu a intanet, ki sa a duba miki sunan a waya. Sauran zomayen da kike gani, mai zaune da mai kunne a miƙe da wanda aka zana a cikin zuciya, wasu na ƙungiyoyi ne wasu kuwa mai buga kwali ne kawai ya ga ya yi kyau ya saka. Rubutun cruelty free ko not tested on animals ma a Amurka ba doka ce ta fassara shi ba, kamfani zai iya nufin man da ya gama haɗawa ne bai gwada ba alhali sinadaran ciki wani ya gwada masa.

Abin da za ki fara dubawa a jikin kwali

Kafin ki buɗe ki shinshina, juya kwalin. Ki nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ki nemi sunan kamfani da cikakken adireshinsa ba wai sunan ƙasa kawai ba, ki nemi ranar da aka yi da ranar lalacewa da lambar rukunin da aka fitar, wadda suke rubuta batch a gabanta, sai jerin abubuwan da aka haɗa. In ɗaya ya ɓace a cikin waɗannan ki ajiye masa kayansa. Sannan ki zaro kwalbar ki gwada da kwalin, lambar da ranar su zo ɗaya, dan akwai masu zuba tsohon kaya a sabon kwali, akwai masu goge kwanan wata da fetur su buga wani, in kin ga wajen ya yi dishi-dishi ko an manna wata 'yar takarda a kai ki ɓanɓare ki gani.

Ita lambar NAFDAC ɗin ma mai jabu yana iya bugawa, dan haka ganinta bai isa ki saki jiki ba, amma rashinta ya isa ki fasa. Kuma ki sani lambar ta abin da ke cikin kwalbar ne a rufe yadda ya fito daga kamfani. Da zarar an juye shi a roba an matse masa tub biyu an ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba, wannan ya zama wani abu daban da ba wanda ya yi masa rajista, ko da kowane ɗaya cikinsu yana da lambarsa.

Akwai wani ɗan hoton gwangwani da murfi a buɗe, a jikinsa an rubuta 6M ko 12M ko 24M, wato watannin da zai yi yana da kyau bayan an buɗe. Wannan ya shafi amare sosai, a jera miki mai kala-kala a kan madubi ki buɗe su duka a satin farko dan ɗoki, bayan shekara biyu kina nan kina lakata. Ki buɗe ɗaya ki gama da shi tukuna. Kuma kayan da ya wuni a rana a kan tebur ko a baron mai talla tun daga watan Maris zuwa Mayu, ko ranarsa ba ta cika ba zafi ya riga ya taɓa shi, in kin ga mai ya rabu ruwa a sama guda-guda a ƙasa ko warinsa ya juya, a bar shi.

Wadda ba ta yi boko ba kada ta ce wannan ba nata bane. Ki sa yaro ɗan makaranta ya rubuta miki sunayen da za su zo a ƙasa a 'yar takarda ki saka a jaka, a kasuwa ki ɗora ta kusa da kwalin ki bi harafi da harafi, ko ki ɗauki hoton bayan kwalin ki tura wa wadda za ta karanta miki kafin ki biya.

Jerin sinadaran yana da tsari, wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa a bi da shi har ƙasa, sai 'yan ƙananan da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba su ne ake jerawa yadda aka ga dama. Galibi za ki ga Aqua a farko, ruwa kenan. In an cika gaban kwalba da hoton kaɗanya ana cewa man kaɗe ne zalla, ki nemi Butyrospermum parkii a jerin, in kin same shi can ƙarshe bayan turare toh ɗigo aka yi miki aka karɓi kuɗin kwalba guda, gara ki sayi na matan da ke kawo shi a ƙwarya.

Sunaye ukun da ke cinye fata

Nan ne asalin matsalarmu. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa fitar da cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta ce abin ya kai matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kuma ba wadda za ta ce miki bilicin take yi, kowa cewa take ai ɗan gyara ne, ai fito da kalata nake yi, ai na goge tabo ne.

Na farko hydroquinone. Aikinsa hana fata yin baƙin da Allah ya sa mata dan kare ta daga rana. NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba, Turai kuwa tun 2001 suka cire shi daga kayan shafa, a Amurka ma daga 2020 sai da takardar likita. Likitan fata yana ba da shi na 'yan watanni a shafa a kan tabo kawai. Mu kuwa jiki duka ake mulka shi safe da dare shekara da shekaru, sannan a fita rana a je ɗiban ruwa a je gona a je biki. Ƙarshensa kumatu da goshi da bayan wuya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da 'yan gudaje, wanda ya fi asalin kalar da aka gudu duhu, kuma shi wannan yana da wuyar magani ƙwarai, da yawa da shi ake zama. Man da ke da shi in an bar shi a buɗe yakan juya ruwan ƙasa a bakin kwalba, wannan ma alama ce.

Na biyu su ne 'yan tub ɗin nan da ake matsewa a cikin mai, ki duba jikinsu za ki ga clobetasol ko betamethasone. Sitiroyid ne, magani ne mai ƙarfi na wasu cututtukan fata da ake shafawa kwana kaɗan a daina. Shi ne ke ba da hasken nan na sati ɗaya da ke ruɗar mutane, dan yana matse jijiyoyin jini yana kwantar da ƙuraje nan take. A hankali sai fata ta yi siriri har kina hango korayen jijiyoyi, nankarwa mai faɗi ja ta fito a hammata da cinya da ƙirji ga yarinyar da ko aure ba ta yi ba, gashi ya fito a fuska, makero da kyasbi su samu wajen zama su ƙi jin magani, ɗan ƙarce kaɗan ya zama ciwo. Kuma yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, fuska ta yi kumburi ta zagaye mutane suna cewa hutu ne ya karɓe ta. Ma'aikatan asibiti sun san wahalar ɗinke irin wannan fatar bayan tiyatar haihuwa, ga ciwon ya yi ta jan lokaci bai warke ba. Masu shafa wa jarirai da yara ƙanana dan a ce ɗan wance fari ne, dan girman Allah ku bari, fatar yaro ta fi ta babba saurin zuƙa nesa ba kusa ba.

In kin daɗe a kan irin wannan tub ɗin kada ki yanke rana ɗaya ke kaɗai, fuskar za ta yi ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje har ki ce gara jiya ki koma, wadda ta yi shekaru tana shafe jiki duka ma jikinta na iya rikicewa. Ki je asibiti a tsara miki yadda za ki rage a hankali.

Na uku zaiba, wato makuri. A rubuce za ki gan shi da mercury ko mercuric ko mercurous ko calomel, amma gaskiya masu saka shi ba kasafai suke rubutawa ba, an fi samunsa a ƙananan gwangwanayen kirim na fuska masu kauri da wasu sabulai. Yana taɓa ƙoda, yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, a fara rawar hannu da mantuwa da rashin barci da saurin fushi a ce aljanu ne ko sammu. Yana bi ta mahaifa ya kai ga ɗan ciki, yana bi ta nono, yana zama a tawul da zanin gado da hannunki ya shafi maigida da yaran da ba su taɓa shafawa ba. Akwai yarjejeniyar duniya a kansa ta 2013 mai sunan Minamata, wani gari a Japan da zaibar masana'anta ta nakasa mutanensa, Najeriya ma tana ciki. Da an ce kada ya wuce miligiram 1 a kilo guda na kayan shafa, a 2023 aka amince bayan 2025 a daina saka shi gaba ɗaya. Tunda ba a gane shi da ido, abin yi kawai ki guji duk kirim ɗin da ya yi miki alkawarin fari a kwana 3 ko kwana 7, da wanda rubutun jikinsa duk da yaren da ba mai iya karantawa a garinku ne.

Kalmar oganik da nacural da ake ta yayi yanzu kada ta ɗauke miki hankali. Kurkur da zuma da madara da dilka ba sa mayar da baƙar mace fara a sati biyu, in kin ga haɗin da aka ce na itatuwa ne zalla ya yi wannan aikin toh akwai tub a ciki. Ki tambayi mai haɗin kai tsaye, Anti me da me kika zuba, in ta ce sirrin sana'a ne ki ce mata fatar kuma taki ce. Haka in za a kai amarya gyaran jiki, uwa ko yaya ta je ta ga abin da ake kwaɓawa da idonta.

Kwalli da lalle

Na san nan za a ce na taɓo al'ada har da sunna. Ba ina cewa a daina kwalliyar ido ba ne. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, mafi yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6 a garin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka bi diddigi sai aka ga kwallin da aka kai musu daga Najeriya ne ake saka masa, da aka auna shi kusan kashi 83 cikin 100 dalma ce. Mu kuma mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010 wajen haƙar zinare, yara sama da 400 suka rasu. Ta kwalli ba ta kisa farat ɗaya irin haka, a hankali take taruwa, yaro ya murza ido ya kai hannu baki, wani ya bi ta hanyar hawaye ya sauka maƙogwaro, ta rage masa jini ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa, sai an sa shi makaranta a ce ba ya ganewa. Dan haka jariri da yaro kada a saka musu kwallin dutse sam, ko na ranar suna, kada kuma a barbaɗa a cibiya. Mai ciki da mai shayarwa su ma su haƙura. Babba in tana so ta nemi gazal ko jagira mai rajista, kuma kowa da nata, a daina zagaya maciyi ɗaya gida guda ana raba ciwon ido.

Lalle na gargajiya, ganyen da muke dakawa a kwaɓa a ƙunsa a kwana da shi, ja yake bayarwa zuwa ruwan goro mai duhu, kuma sai ya ɗauki awanni. Wanda za a zana miki ya kama baƙi wuluk kafin ki gama shan lemo, wannan dayis ne, PPD ɗin nan da ya makantar da matan Amurka shi ne a ciki. An yarda a sa shi kaɗan a man rina gashin kai, ba a yarda a ɗora shi a fata ba. Sharrinsa ba lallai ya nuna a ranar ba, wata sai bayan kwana biyu wata har sati biyu, sai zanen ya taso ya yi ƙaiƙayi ya yi ruwa ya bar tabo da siffar fulawar da aka zana. Kuma in jiki ya tsane shi sau ɗaya ya tsane shi kenan har abada, gobe ko rina gashi ta yi fuska za ta kumbura. Wadda ta ce ai ni kullum ina yi ba abin da ya same ni, jikin yana iya juyawa a karo na goma. Ko jan lallen ma kada a ƙunsa wa jariri, akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini da ake kira ƙarancin G6PD, yana da yawa a ƙasar nan musamman ga maza, lalle na iya fasa musu ƙwayoyin jini su kamu da ciwon shawara.

Rilaksa kuwa a taƙaice, kada a sosa kai kafin a saka, a shafa basilin a goshi da kunne da ƙeya, kada a wuce mintin da aka rubuta dan ana son ya kwanta sosai, kuma ba na kan yara bane.

Gwajin da za ki yi da kanki

In kaya ya tsallake duk wannan kin kawo shi gida, kada ki fara da fuska. Ki lakaci kaɗan ki shafa a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne, waje ɗaya, safe da yamma, ki yi kamar sati kina lura. In sabulu ne ko abin wankewa ki bar shi 'yan mintuna ki wanke. Man rina gashi awa 48 kafin ranar, yadda takardar cikinsa ta ce. Ja, ƙaiƙayi, raɗaɗi, ƙananan ƙuraje, ko ɗaya kika gani ki wanke ki haƙura da shi, kada ki yarda da zancen wai yana aiki ne dattin yake fitarwa. Kuma sabon abu ɗaya a lokaci ɗaya, in kin fara uku tare ba za ki san wanne ne mai laifin ba. A hunturu fata a bushe take ga faso, abin da ta jure da damina yana iya cin ta.

Sai dai wannan gwajin borin fata kawai yake nunawa. Zaiba da dalma da sitiroyid za su wuce shi lafiya lau, mai sitiroyid ma wajen sai ya fi ko ina santsi. Baƙin lalle kuma kada ki ce za ki gwada kaɗan ki gani, ɗan gwajin ma ya isa ya sa jiki ya tsane shi.

In abu ya riga ya ƙona ki, wanke wajen da ruwa mai yawa, in a ido ne ki yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye sannan a tafi asibiti, ba a ɗiga nono ko ruwan gishiri ko wani tofi a ciki ba. Kada a shafa man goge baki ko toka ko a koma wajen mai haɗin ta ba da wani haɗin na gyarawa. In fuska ko leɓe sun kumbura ko numfashi ya fara wuya wannan na gaggawa ne, a nemi mashin ko mota a lokacin ko tsakar dare ne. Ki tafi da robar da kwalin da tub ɗin duka a leda, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina shafawa da ko kina shafa wa yara, in abin ya fi ƙarfin asibitin garinku ki nemi su rubuta miki takarda zuwa wajen likitan fata a Asibitin Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu. Ragowar kayan kuma kada ki ba ƙanwarki ko 'yar aiki dan kina jin asarar kuɗin, in da hali a kai shi ofishin NAFDAC na jiha da sunan kasuwar da aka saya, da irin wannan rahoton suke sanin inda za su kai samame.